'Yan Jaridar Khartum da Ƙauyukan Hausawan Jazira, 1903 zuwa 1970

1.0 Gabatarwa

Shekarar 1903 tana da muhimmanci ta fuska biyu a tarihin ƙasar Sudan. A cikinta ne aka fara buga jarida mai suna al-Sudan a birnin Khartum. A cikinta ne kuma, ranar 27 ga Yuli, sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, sauran jama'arsa suka ci gaba da hijira zuwa gabas, har wasunsu suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu. Ke nan aikin jarida a Sudan da manyan ƙauyukan masu hijira na Jazira kusan sa'o'in juna ne.

Wannan maƙala za ta dubi yadda 'yan jarida suka rayu a Khartum tun daga wannan shekara har zuwa 1970: su wane ne, yaya suke aiki, wa yake ɗaukar nauyinsu, kuma wace doka ce take kansu. Daga nan sai ta juya ga ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu, domin a ga matsayin da suka samu a cikin ƙasar da waɗannan 'yan jarida suka yi wa fafutukar 'yanci. Abin da ake son nunawa shi ne, jarida ta taimaka ƙwarai wajen tsara ma'anar kalmar “ɗan Sudan”, kuma mutanen da ba su da murya a cikinta sun daɗe suna ɗanɗana kuɗar wannan rashi.

2.0 Birnin da Jaridunsa na Farko

Abin da ake kira Khartum garuruwa uku ne da suke fuskantar juna a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Akwai Khartum kanta, mazaunin Gwamna Janar da ofisoshin gwamnati da kantunan Girkawa da Siriyawa. Akwai Khartum Bahri, inda ma'aikatu da tashar jiragen ruwa suke. Sai kuma Umdurman, tsohon birnin Mahadi, inda akasarin 'yan ƙasa suke zaune. Tun daga 1899 ƙasar tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, amma a aikace Turawan Ingila ne suke da wuƙa da nama.

Jaridar al-Sudan ba ta 'yan ƙasa ba ce. Masu ita su ne Faris Nimr da Yaƙub Sarruf da Shahin Makariyus, mutanen Sham waɗanda suke da jaridar al-Muƙaɗɗam a Alƙahira, kuma sanannu ne wajen goyon bayan Ingila. Sau biyu take fitowa a mako, mafi yawan abin da ke cikinta kuwa sanarwar gwamnati ne da farashin kaya da labarin manyan jami'ai. A 1913 aka sami wata jaridar, Ra'id al-Sudan, wadda wasu Girkawa suka mallaka. Ita ce ta fara buɗe shafukanta ga waƙoƙi da maƙalun matasan Sudan. Editanta, Abdurrahim Ƙulailat, ya yi rubutun da bai yi wa hukuma daɗi ba, aka fitar da shi daga ƙasar a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda ya gaje shi, Husaini Sharif, jikan Mahadi ne ta wajen uwa, shi ne kuma ake ɗauka a matsayin ɗan jaridar Sudan na farko. A 1919 ya zama editan Hadarat al-Sudan, jarida ta farko da 'yan ƙasa suka mallaka.

3.0 Rayuwar Ɗan Jarida

3.1 Asalinsa da Iliminsa

Yawancin waɗanda suka riƙe alƙalami a wancan zamani sun fito ne daga Kwalejin Gordon, wadda aka buɗe a 1902 domin horar da akawu-akawu da malaman makaranta da alƙalai. Ana kiran irin waɗannan mutane “afandiyya”. Galibinsu 'ya'yan gidajen da ke bakin Nilu ne daga arewaci da tsakiyar ƙasar, Larabci ne harshensu na gida, sun kuma iya Ingilishi gwargwado. Wurin haɗuwarsu shi ne Kulob ɗin Masu Ilimin Zamani da aka buɗe a Umdurman a 1918, da kuma da'irorin karatu na unguwanni, musamman na Abu Rauf da na Hashmab, inda ake karanta littafi ɗaya ana muhawara a kansa har dare ya raba.

Aikin jarida bai isa ya ciyar da gida ba a shekarun farko. Saboda haka da yawa daga cikin marubuta ma'aikatan gwamnati ne da rana, marubuta da dare. Tun da dokar aiki ta hana ma'aikaci shiga siyasa, sai suka riƙa ɓuya a bayan sunayen aro. Muhammad Ahmad Mahjub, wanda injiniya ne kafin ya karanta shari'a, ya yi suna ta hanyar rubutu a mujallu tun kafin ya zama Firayim Minista a 1965.

3.2 Aikin Yini

Ofishin jarida a lokacin bai wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba kusa da maɗaba'a. Sau da yawa mutum ɗaya shi ne edita, shi ne mai ɗauko rahoto, shi ne mai fassara, shi ne kuma mai gyaran kurakurai. Da safe zai zaga ofisoshin gwamnati da kotuna da kasuwa. Labaran ƙetare suna zuwa ta wayar tangaraho da Ingilishi, sai ya mayar da su Larabci. Jaridun Masar kuma suna isowa ta jirgin ruwa da jirgin ƙasa ta Wadi Halfa, sun yi kwanaki a hanya, amma duk da haka ana rububinsu, kuma daga gare su ne marubutan Sudan suka koyi salo da yawan kalmomin siyasa.

Bayan an gama rubutu sai aikin masu jera baƙaƙe, waɗanda suke tsinto haruffan darma ɗaya bayan ɗaya da hannu. Wannan aiki yana da wuya a Larabci, domin harafi ɗaya yana da siffa daban a farkon kalma da tsakiyarta da ƙarshenta. Kafin a gina gadar Farin Nilu a 1928, ɗan jaridar da ke zaune a Umdurman sai ya ƙetare ruwa kullum kafin ya isa wurin aiki. Adadin kwafin da ake bugawa kaɗan ne, amma kowane kwafi yana da masu sauraro da yawa, domin mai ilimi ɗaya kan karanta wa jama'a a gidan shayi ko a zaure.

3.3 Doka da Takunkumi

A 1930 gwamnati ta kafa Dokar Jarida. Ba mai buga jarida sai da lasisi, sai kuma ya ajiye kuɗin jingina, hukuma tana da ikon dakatar da shi ko ƙwace lasisin. Sashen leƙen asiri ne yake sa ido a kan abin da ake bugawa, a nan ne kuma Edward Atiyah, ɗan Labanan da ya yi karatu a Oxford, ya zama tsani tsakanin Turawa da matasan marubuta. Saboda wannan takunkumi, matasa suka riƙa shigar da siyasa ta ƙofar adabi. Mujallar al-Nahda ta Muhammad Abbas Abu al-Rish ta fito a 1931, ta al-Fajr kuma ta Arafat Muhammad Abdallah ta biyo baya a 1934. A zahiri ana maganar waƙa da ƙagaggen labari da ilimin mata, amma tambayar da ke ƙarƙashi ita ce: mece ce Sudan, kuma su wane ne mutanenta? Duka mujallun biyu ba su yi tsawon rai ba. Arafat ya rasu a 1936, mujallarsa ba ta daɗe a bayansa ba.

3.4 Ubangida

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Jarida tana bukatar kuɗi, masu kuɗi da mabiya a Sudan ta wancan lokaci kuwa su ne shugabannin addini. A 1920 Hadarat al-Sudan ta koma hannun manyan sayyidai uku: Abdurrahman al-Mahdi da Ali al-Mirgani da Sharif Yusuf al-Hindi. A 1935 Sayyid Abdurrahman ya tsaya wajen kafa al-Nil, jaridar kullum ta farko, a 1940 kuma ɓangaren Khatmiyya na Sayyid Ali ya fito da Saut al-Sudan. Ɗan jarida ya san gidan da yake ci, ya kuma san iyakar abin da zai faɗa game da haɗewa da Masar ko tsayawa da ƙafar kai, wato batun da ya raba 'yan siyasar ƙasar gida biyu.

Sai a shekarun 1940 aka fara samun mutanen da jarida ce sana'arsu, kuma su ne masu ita. Ahmad Yusuf Hashim, wanda ake yi wa laƙabi da uban jaridu, ya kafa al-Sudan al-Jadid. Isma'il al-Atabani ya kafa al-Ra'y al-Amm a 1945. A 1953 Bashir Muhammad Sa'id da Mahjub Usman da Mahjub Muhammad Salih suka kafa al-Ayyam. Mata ma sun shigo fage, inda Faɗima Ahmad Ibrahim ta jagoranci mujallar Saut al-Mar'a daga 1955.

4.0 Ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu

Daga Khartum layin dogo ya miƙa kudu ya ratsa Jazira, wato filin da ke tsakanin kogunan biyu, ya bi ta Wad Madani zuwa Sinnar. Mutanen Afirka ta Yamma sun daɗe suna bin wannan yanki a kan hanyarsu ta zuwa Makka, wasu kan tsaya su yi noma shekara da shekaru domin neman guzuri, wasu kuma zaman ya zame musu na dindindin. Hijirar da ta biyo bayan Burmi ta ƙara yawansu. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya iso bakin Shuɗin Nilu da jama'arsa wajen 1906, suka kafa garin da ake kira da sunansa, Mai Wurno, kudu da Sinnar. Jama'ar garin gauraye ce ta Fulani da Hausawa, daga nan ne kuma wasu ƙauyuka suka yaɗu a bakin kogin ta wajen Sinja da Rusairis.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gagarumin aikin noman auduga na Jazira. Gwamnati ce mai ruwa da magudanai, kamfanin Ingila mai suna Sudan Plantations Syndicate yana gudanarwa, manoma kuma ana ba kowanne gonar haya da ake kira “hawasha”. Auduga tana cin hannu, musamman lokacin tsinka, saboda haka Turawa suka yi maraba da Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Darfur. A farkon shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi, manoma da dama suka watsar da gonakinsu, aka ba mutanen yamma wasu daga ciki. Da kasuwa ta farfaɗo sai aka tsananta sharaɗin cewa hawasha ta ɗan ƙasa ce. Da yawa suka koma 'yan ƙwadago da masu noman raba-daidai, suna zaune a sansanonin da ake kira “kambo”, jam'insa “kanabi”, a gefen magudanan ruwa.

Waɗannan ƙauyuka suna da hanyoyinsu na samun labari. Ayarin mahajjata yakan zo da labarin Kano da Sakkwato da Katsina, masu komawa gida su tafi da wasiƙu na ajami ko na Larabci. Akwai zauren malam, da masallacin Juma'a, da kasuwa. A can ƙasar Hausa an fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, amma da rubutun boko ake buga ta, Bahaushen Jazira kuwa karatun allo ya yi, in ya shiga makarantar gwamnati kuma Larabci zai koya. Rediyo ne ya fi kusa da shi: an buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, Sashen Hausa na BBC kuma ya fara aiki a 1957. Saboda haka ya tsinci kansa tsakanin jaridu iri biyu, ɗaya da harshensa amma tana nesa, ɗaya a kusa amma ba shi take yi wa magana ba.

5.0 Jarida da Tambayar Asali

Tun da wuri aka ga alamar yadda jaridar birni take auna mutum. A 1922 wani hafsan soja, Ali Abdullaɗif, ya kai wa Hadarat al-Sudan maƙala yana neman a bar mutanen Sudan su zaɓi makomarsu. Ba a buga ta ba, amma ta jawo masa ɗaurin shekara guda. A 1924, lokacin da ya jagoranci ƙungiyar Farar Tuta wajen zanga-zangar ƙin jinin Ingila, jaridar ta buga sharhi tana tuhumar asalinsa, tana nuna cewa wanda ba shi da sananniyar ƙabila bai cancanci ya yi magana da sunan ƙasa ba. Iyayen Ali sun fito ne daga Nuba da Dinka. Idan har za a yi wa haifaffen ƙasar irin wannan awo, to ina ga wanda kakansa ya taso daga Haɗeja ko Gwandu?

A bakin mutanen birni, duk mutanen yamma suna ɗaya gare su: “Fallata” ko “Takarir”, ba a rarrabe Bahaushe da Bafillace da Babarbare. Kalmar Fallata ta samo asali ne daga sunan da Barebari suke kiran Fulani, amma a Sudan ta ɗauki ma'anar baƙo, wani lokaci har da raini. Da gwagwarmayar neman 'yanci ta yi ƙarfi bayan kafa Majalisar Masu Ilimin Zamani a 1938, wadda tunaninta ya taso daga Ahmad Khair na Wad Madani, tsakiyar Jazira, sai masu kishin ƙasa da yawa suka riƙa kallon mutanen yamma a matsayin 'yan ƙwadagon da Turawa suka shigo da su. Manomi mai hawasha yana da ƙungiya, ya yi yajin aiki a 1946, yana kuma da 'yan'uwa a cikin afandiyya masu kai kukansa jarida. Mai tsinkar audugar da ke kambo ba shi da irin wannan gata.

Wannan kallo ya shiga doka. Dokar 1948 da ta bayyana wane ne ɗan Sudan, da Dokar Zama Ɗan Ƙasa ta 1957, sun sa ranar 31 ga Disamba 1897 a matsayin iyaka: sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun daga wannan rana. Mutanen Burmi sun iso bayan 1903. Ke nan wanda aka haifa a Mai Wurno, ya girma, ya haifi 'ya'ya a can, yana iya rasa takardar zama ɗan ƙasa, tare da abin da ke biye da ita na gona da aikin gwamnati. Daga baya an sassauta iyakar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta mayar da ita 1 ga Janairu 1956, ranar samun mulkin kai. Amma gyaran doka bai goge abin da ya riga ya zauna a zukata ba.

6.0 Bayan Mulkin Kai

'Yancin da 'yan jarida suka yi wa aiki bai kawo musu hutu ba. A Nuwamban 1958 Janar Ibrahim Abbud ya yi juyin mulki, aka rufe jaridun jam'iyyu, masu zaman kansu kuma aka riƙa dakatar da su. Juyin juya halin Oktoban 1964 ya dawo da walwala na ɗan lokaci. A 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta mayar da jaridu mallakar hukuma, manyan jaridun kullum suka koma biyu, al-Sahafa da al-Ayyam. Da wannan ne zamanin edita mai jaridar kansa, wanda aka faro a shekarun 1940, ya zo ƙarshe. Mahjub Muhammad Salih ya ga duk waɗannan sauye-sauye, ya rubuta tarihin jaridun ƙasar, ya sami lambar yabo ta duniya ta Alƙalamin Zinariya a 2005, ya rasu a Alƙahira a 2024.

Su kuwa Hausawa, 'ya'yansu sun shiga makarantu, sun zama malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata. Masana ma sun juyo gare su: Mark Duffield ya buga nazarinsa a kan Mai Wurno a 1981, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum kuma ya yi bincike mai zurfi a kan yadda Hausar Sudan take cuɗanya da Larabci. Duk da haka tsohuwar tambayar ba ta mutu ba. A 2008 wata jaridar Khartum ta danganta wa Shugaba Umar al-Bashir maganar da Hausawa suka fahimta a matsayin kore su daga zama 'yan ƙasa. Hukuma ta musanta, amma sai da aka yi zanga-zanga a Gadarif da wasu biranen gabas. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka yi asarar rayuka masu yawa a yankin Damazin da Rusairis. Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ya tsayar da buga jaridun takarda a Khartum, ya kuma kai ga Wad Madani a Disambar wannan shekara.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun ɗan jaridar Khartum daga zamanin da baƙi suke da jaridu, zuwa zamanin sayyidai, zuwa na editoci masu cin gashin kansu, har zuwa 1970. An ga mutum ne mai ƙaramin samu da babban buri, wanda ya yi aiki tsakanin dokar Bature da muradin ubangida, ya kuma taka rawa wajen samar da 'yancin ƙasarsa. An kuma ga cewa ƙasar da ya zana a shafukansa ta yi kama da unguwar da ya tashi, ta bar masu tsinkar auduga na Jazira a bakin ƙofa. Ga ɗalibin harshe, akwai abin lura a cikin kalmomi uku da suka yi ta maimaituwa a wannan tarihi, wato Fallata da hawasha da kambo. Kowaccensu tana nuna inda aka ajiye Bahaushen Sudan, kuma wasu ne suka raɗa su ba shi ba.